Ƙwarangwal a Gidan Gwaggo Delu

Tun da na dawo daga Legas ba ni da sakat. A ɗakin malamai, a gidan suna, har a bakin famfo, tambayar ɗaya ce: "Malama Uwani, yaya Ikko? Kin ga teku?" Ban ga teku ba. Na gaji da ba da labarin guntu-guntu, kowa ya ɗauki nasa ya ƙara masa gishiri, har na ji ana cewa wai aljana na rako gida a akwati. To ga shi na rubuta yadda aka yi, duk wadda ta sake tambayata in miƙa mata ta karanta, in huta da bakina.

Ga wanda bai sani ba, bayoloji nake koyarwa a makarantar 'yan mata ta jeka-ka-dawo da ke garinmu, kusa da Funtuwa. Abin da muke kira ɗakin gwaje-gwaje tsohon sito ne mai tebura da famfon da bai taɓa kawo ruwa ba. Da alli nake zana zuciya da huhu. Fure daga bayan ofishin firinsifal nake tsinkowa, kwaɗi daga kududdufi, ƙashin akuya kuwa sai na roƙi mahauta. Yarana sun haddace sunan kowane ƙashi na jikin mutum, amma ka ce su nuna maka, sai a dafa gwiwa ana kiran sunan kafaɗa.

Shekara guda bayan soja sun koma bariki, sufetocin makarantu suka farfaɗo suka fara zagaye. Wanda ya zo mana ya leƙa siton nan, ya ce in ya dawo bayan hutu bai tarar da madubin ƙara girma da ƙwarangwal ɗin mutum ba, za a soke ajin kimiyya, a mai da yaran ajin adabi. Yaran nan kuwa da mai son nas, da mai son ungozoma, har da mai cewa likita za ta zama. Ana cikin haka sai ga saƙo daga Madam Folake, wata malama Bayarabiya da muka saba da ita wurin makin takardun jarrabawa a Kaduna. Mai makarantarsu a Ogba ta Legas ya mutu, 'ya'yansa za su sayar da filin, in zo in kwashi kayan kimiyya kyauta, har da ƙwarangwal. Banza ba ta kai zomo kasuwa, amma murna ba ta bar ni na yi tambaya ba.

Maigidana ya kai ni tasha ya damƙa ni hannun wata Hajiya mai fataucin goro, muka hau doguwar bas. Hanyar Birnin Gwari ta girgiza mana hanji, a Makwa muka yi salla muka ci shinkafa da kifi. Hajiya ta ce in cika cikina, daga nan na yi sallama da abincin gida. Ba a tambayi kowa fasfo a gadar Jabba ba, amma ni nan na ɗauka iyaka ce. Muna haye ruwa 'yan sanda suka tsai da mu suka zazzage jakunkuna, ɗayansu ya daɗe yana sansanar daddawar da zan kai wa gwaggona Delu tsaraba kamar ya kama babban laifi. Daga nan wani ya miƙe cikin mota ya yi wa'azin Kirista, yana zama ya sake miƙewa da jakar maganin basir.

A Ogbomosho aka ajiye mini tuwo baƙi ƙirin, na ce a mayar, ya ƙone. Hajiya ta yi dariya har da tari, ta ce amala ke nan, haka Allah ya yi shi. Miyar dai lalo ce aka sauya wa suna, sai barkonon da ya sa na yi ta share hanci da gefen mayafi. A Ibadan kuma muka tarar an tare titi da rumfuna, mata sun yi anko, ana kiɗa ana liƙi. Na ce wace amarya ce mai gata haka? Hajiya ta ce jana'iza ce, tsohon ya yi watanni a firjin asibiti ana jiran 'ya'yansa su taru. Na riƙe baki. Mu da mutum zai cika da hantsi, kafin azahar an dawo daga kai shi? Na yi ta sukar mutane har muka fita garin.

Gwaggo Delu ƙanwar babana ce, aure ya kai ta Agege tun ban yi wayo ba. Mijinta Alhaji Tanko dillalin shanu ne a Oko-Oba. Gidan haya suke, irin mai ɗakuna suna kallon juna da dogon lungu a tsakiya, duk Hausawa ne da 'yan Nijar, amma kafin a kai ƙarshen magana an zuba Yarabanci da Turancin kasuwa. Ta tarbe ni da biredin nan nasu mai laushi da wake dame da manja. Ina ci tana yi mini huɗuba.

"Uwani, nan ba Funtuwa ba ce o. In kin ga an taru, kar ki tsaya kallo. Gari ba lafiya, kwanan nan ma an yi wahala a kasuwa tsakanin namu da nasu. Kuma yaran unguwa suna tare hanya suna neman masu yankan kai. In suka ce ke ce, taya da fetur kawai."

Alhaji Tanko ya ɗaukar mana shatar wata tsohuwar danfo, ƙaramar bas ɗin Legas, ni da Gwaggo muka nufi Ogba da hantsi. Makarantar bene ce, ba kowa ciki. Kujeru a kife, allo da sauran rubutun darasin ƙarshe, ƙararrawa tana lilo ita kaɗai a iska. Gwaggo ta tsaya hira a bakin get da maigadi, wani Buzu. Na ce ya zo ya kama mana kaya, ya ce ko'ina zai shiga ban da ɗakin ƙarshe.

Madam Folake ta buɗe ɗakin, wari mai hawa kai ya buge ni. Kwalabe jere a kanta, maciji da ƙadangare da ɗan tayin akuya suna iyo cikin ruwa rawaya. Ga madubai har cikin akwatunansu, na kusa yin guɗa. Sai na juya. Yana tsaye a lungu, rataye da ƙugiya ta tsakiyar kai, wani ɗalibi ya ɗora masa hular makaranta. Na san ƙwarangwal na roba, da shi aka koyar da mu a Zariya, fari ne fat mai sheƙi. Wannan launin tsohon man shanu gare shi. Na kama yatsun hannunsa na ji sanyi da 'yan ƙofofi-ƙofofi, na sake da sauri.

"Madam, wannan fa?"

Ta yi shekaru a Arewa, tana da 'yar Hausarta. "Ba roba ba, Malama. Orijina ne. Tun da daɗewa mai makaranta ya samo daga asibiti, gawa wanda ba mai shi. Yara suna kira shi Baba. Ga takarda da hatimi, ba wahala."

Sai na tuna sufeto. Na ce a raina ƙashi dai ƙashi ne, ilmi za a yi da shi. Muka kwantar da shi a dogon akwatin katako, muka jera kwalayen kwalabe a kai. Ban gaya wa Gwaggo komai ba.

An haɗa muƙamuƙinsa da ɗan sifirin. Duk ramin da motar ta faɗa sai ka ji ƙas, ƙas, daga cikin akwati. Direba ya kashe rediyo ya saurara, ya sake kunnawa. Gwaggo ta ce, "Mene ne ke cizon haƙora a bayan nan?" Na ce kwalabe ne. Kafin mu shiga Agege sai ga benci an gitta a titi, samari da sanduna. Ga ni Bahaushiya, baƙuwa, da mutum a akwati, kuma wa zai tsaya karanta takarda? Gwaggo ta leƙa taga ta zuba musu Yarabanci, ta ce kayan makaranta ne. Ɗaya ya buɗe kwalin sama, ya yi ido biyu da macijin kwalba, ya yi tsalle baya, 'yan'uwansa suka fashe da dariya suka janye bencin. Muna wucewa akwatin ya sake yin ƙas.

A gida asiri ya tonu, don Gwaggo ba ta yarda a shigar mata da abin da ba ta gani ba. Ta ɗaga murfi ta saki salati.

"Uwani! A kan mutum kika sa na yi ƙarya a gaban area boys? Mutum ne ko roba? Ki gaya mini gaskiya!"

Na gaya mata. Ba ta zage ni ba, da ma zagin ta yi. Ta shiga ɗaki ta kashe rediyo, ta leƙa kicin ta ce wa mai daka ta ajiye taɓarya. Aka janye yara. Gidan da ba ka jin maganar kanka saboda hayaniya ya yi tsit da rana tsaka, sai ƙarar jirgin sama can sama. Mata suka fara fitowa da mayafai, kowace ta shimfiɗa tabarma a lungu kusa da akwatin ta zauna. Wata ta dube ni ta ce, "Ya haƙuri?" Ni aka yi wa gaisuwa! Na ce, "Bayin Allah, kayan aiki ne fa, na koyarwa." Suka ce, "Allah ya jiƙan musulmi," suka ci gaba da jan carbi. Haushi ya kama ni, tsoro kuma ya fi haushin yawa.

Ana haka wata tsohuwa ta shigo, doguwa, siririya, da ƙullin farin ƙyalle a hammata. Gwaggo ta raɗa mini cewa Inna Hassu ce, mutuniyar Tasawa ta Nijar, mai koko a bakin masallaci. Ɗanta guda, Illa, ɗan garuwa ne a Mushin. Wata safiya tun zamanin soja ya fita da kurarsa, aka tsinci kurar, shi ba a gan shi ba har yau. Nemansa ya kawo ta Legas, ta ƙi komawa. Ƙyallen nan likkafaninsa ne, duk inda ta ji an tsinci gawar da ba mai ita, da shi take zuwa. Na tambaya wa ya aika mata, kowa ya ce ba shi ba.

Ta durƙusa gaban akwatin ta yi sallama. Sannan ta yi shiru, irin shirun mai jiran a amsa. Wallahi duk gidan muka taya ta jira. Ni kaina na kasa kunne.

"Ke ce malamar lakwal?" in ji ta, wato makarantar boko. "An ce daga likita aka ɗauko shi, babu mai shi. Illa nau dogo na, awa ni. Ki bar ni in gane shi, ɗiyata."

Alhaji Tanko ya dawo daga kasuwar shanu da limamin unguwa, suka tsaya a bakin lungu. Liman ya karanta takardar Madam, ya ce shi ba zai ƙwace wa kowa kayansa ba, amma in akwai zaton ɗan baiwar Allahn nan ne, sai a duba. Nan malantata ta motsa. Tun a Ogba idona ya ga wani abu, ban dai tsaya a kansa ba. Na ce a buɗe, yanzu zan raba gardama.

Ban taɓa ba da darasi mai kyau kamar na ranar ba, kuma ban taɓa samun aji mai sauraro haka ba. Na nuna musu ƙashin ƙugu. Na ce na namiji matsattse ne mai zurfi, na mace kuwa buɗaɗɗe ne mai faɗi, saboda nan ɗa yake bi ya fito. Na sa hannu na gwada musu faɗin ƙofar, na nuna goshi sumul ba tudun gira, na nuna ƙanƙantar haɓa. Matan suka matso, wata har tana dafa nata ƙugun tana gyaɗa kai. Na rufe da cewa, "Don haka, Inna, ki yi haƙuri, wannan ba Illa ba ne. Mace ce." Na miƙe ina jin na ci shari'a.

Sai na ga liman ya kau da kai, Alhaji Tanko ya juya baya, suka fice zaure sumui-sumui. Inna Hassu ta zare mayafinta ta rufa wa ƙwarangwal ɗin daga ƙirji zuwa gwiwa.

"Mace?" in ji Gwaggo a hankali. "Mace ce aka rataye tsirara shekara da shekaru, ƙattin yara suna sa mata hula suna ce mata Baba?"

Na dubi Inna Hassu ina jiran kuka. Ba ta yi ba.

"Na san ba shi na ba tun da niƙ ga tsawonta," ta ce. "Amma ita ma ɗiyar wata ta. Wata tana can tana kallon hanya awa ni. In na suturta tata, wataƙila Allah shi sa wata ta suturta nau."

Na ce ba zai yiwu ba. Na faɗa musu sufeto, na faɗa musu yarana da sunayensu. Na ce likitocin da suke zuwa wurinsu da irin wannan suka koya, mataccen da ya koyar da rayayyu ai sadaka yake yi. Gwaggo ta ce sadaka sai da yardar mai ita. Daga zaure Alhaji Tanko ya ɗaga murya ya ce, "Uwani, kayanki ne, ba mai tilasta miki. In tafiya za ki yi da ita, akwai tirelar shanu da za ta koma Arewa ba kaya, na san direban." Inna Hassu ba ta roƙe ni ba, tana dai zaune da ƙullinta a cinya.

Na sunkuya zan rufe murfin, da niyyar tafiya da ita. Bakin a ɗan buɗe yake, sai idona ya faɗa ciki. Haƙora reras, da 'yar wushirya. Can ƙurya, turamen ƙarshe ba su gama hudo ƙashi ba. Na ɗaga hannun na duba bakin gaɓa, ga layin girma nan bai gama haɗewa ba. Abin da nake zana wa 'yan aji shida a allo ke nan duk shekara. Ba ta kai ashirin ba. Sa'ar yarana ce, da a ce tana da rai da a layin gaba zan zaunar da ita saboda gajarta. Na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi niyya ba.

Tunda mace ce, aikin ya zama na mata, kuma ba wadda ta san yadda aka haɗa ta sai ni. Aka aro filaya wurin mai gyaran okada. Na kwance wayoyin ɗaya bayan ɗaya, na warware ƙugiyar da ke tsakiyar kanta, Inna Hassu tana karɓa tana wankewa da ruwan magarya da turare. Wasu ƙasusuwan da lambobin da ɗalibai suka rubuta da biro, sun ƙi fita. Na jera ta bisa likkafanin Illa, kowane ƙashi a mazauninsa, ban yarda haƙarƙarin hagu ya tafi dama ba. Da na cire sifirin ɗin muƙamuƙi, bakin ya rufe da kansa a tafin hannuna. Gwaggo ta yagi bakin ƙyalle ta ɗaure mata haɓa yadda ake yi wa kowa.

Wani a zaure ya ce ba a san addininta ba. Liman ya ce shi ma bai sani ba, amma sutura haƙƙin ɗan Adam ce, sauran kuma na Mai ita ne. Maza suka ɗauke ta zuwa maƙabarta bayan la'asar da takardar Madam a aljihun Alhaji Tanko. Mu mata muka tsaya a bakin lungu kamar yadda aka saba. Inna Hassu ta wanke hannu, ta karɓi mayafinta, ta ce za ta je ta jiƙa geron koko. Hammatarta ba komai, sai ta riƙa kai hannu wurin tana laluba.

Na dawo gida da madubai da kwalabe, dogon akwatin kuwa Gwaggo ta ce a bar mata ta zuba tukwane, ban san ko ta iya ba. Hanyar dawowa ba abin da ya faru, sai dai duk ramin da muka faɗa ina kasa kunne.

Sufeto ya dawo bayan hutu kamar yadda ya ce. Ya ga madubai ya yaba, ya ga maciji ya ja da baya. Yarana suna tsaye a bayana cikin fararen hijabai, sun share ɗakin har da goge famfo. Ya duba lungu-lungu, sannan ya ce, "Malama, ina ƙwarangwal ɗin? Firinsifal ta ce har Legas kika je ɗaukowa."

Na ce, "Ranka ya daɗe, na same ta. An yi mata sutura a Agege."

Na ba shi labarin a taƙaice, yaran suna ji. Da na gama ya ajiye biro, ya ɗaga hannuwa ya ce, "Allah ya jiƙanta, ya sa ta huta." Yaran suka amsa da amin, suka shafa tare da shi. Sannan ya ɗauki bironsa, ya nemi layin ƙwarangwal a takardarsa, ya rubuta babu.